Joni Sansir, Mai Shafe da Ya Shahara da Kiɗan Banjo

Yaron da ya taɓa zuwa kallon kokawa da kaka, a Gaya ko a Ajingi, da wuya a ce bai san gurmi ba. Ƙoƙo ne ake rufe bakinsa da fata, a soka masa sanda, a ɗaura masa tsirkiya biyu ko uku. Garaya ta maharba da molo su ma danginsa ne, dukansu fata ce ke ba su murya. To, can a ƙasar Amurka akwai wani ɗan uwan gurmi wanda ake kira banjo. Wannan labarin wani mutum ne wanda ya yi suna da kiɗa shi, alhali kuwa ba shi ya fara koya ba.

Kafin a shiga labarin mutumin, ya kamata a san yadda aka yi banjo ya je Amurka. Turawa sun yi shekara fiye da 300 suna jigilar bayi daga Afirka zuwa ƙetaren teku, domin su nome musu rake da taba da auduga. Bayin nan an tafi da su hannu wofi, amma abin da mutum ya sani ba a iya ƙwace masa. Da suka sami ƙwarya da fata da itace, sai suka haɗa irin kayan kiɗan da suka baro a gida. Cikin shekarar 1687 wani likita Bature, Hans Sloane, ya tafi tsibirin Jamaika, ya tarar da bayi suna kaɗa su, har ya sa hotonsu cikin littafin da ya buga a 1707. Masana sun lura da cewa banjo na farko ya yi kama ƙwarai da akontin na Jolawan Sanigal da Gambiya, ya kuma yi kama da gurmi na Hausa. Daga baya maƙera da masassaƙan Amurka suka bar ƙwarya, suka riƙa yin kewayensa da katako da ƙarfe, suna ɗame fatar da kusoshi masu murɗawa.

An haifi mutumin nan ran 17 ga watan Afirilu, 1890, a birnin Niyu Olins, kusa da inda kogin Misisifi ke faɗawa teku. Ana rubuta sunansa Johnny St. Cyr, ana faɗinsa Joni Sansir. Sunan na Faransanci ne, gama Faransawa ne suka kafa birnin a 1718, bai shiga hannun Amurka ba sai 1803. Akwai wani fili a birnin da ake kira Dandalin Kwango, inda a zamanin bauta bayi kan taru ran Lahadi su yi kiɗa da rawa. Wani magini mai suna Latrobe ya je kallonsu a 1819, ya zana wani abin kiɗa mai ƙwarya da tsirkiya da ya gani a hannun wani tsoho.

Lokacin da aka haifi Joni, an shekara 25 da hana bauta a Amurka, amma baƙin mutum bai sami sakewa ba tukuna. A shekarar haihuwarsa ma aka kafa doka a jiharsu, Luwiziyana, wadda ta hana baƙi da farare zama cikin tarago ɗaya a jirgin ƙasa. Makaranta daban, wurin cin abinci daban. Ayyukan da aka bar wa baƙi ba su da yawa, sai dai a Niyu Olins akwai sana'o'in hannu da suka riƙe sosai, cikinsu har da shafen gini. Ita Joni ya koya. Mai shafe shi ne wanda ke bin bango da rufi bayan an gama gini, ya shafe su sumul, ya fitar da ado a kusurwoyi, kamar yadda maginan Kano ke yi wa soro. Aiki ne mai cin kafaɗa, yana kuma busar da hannu.

Tun yana yaro ya koyi jita. Ita jita cikinta akwati ne na katako, tana da tsirkiya shida, muryarta mai taushi ce, in an taɓa tsirkiya sai amon ya daɗe yana shawagi kafin ya ɓace. Da rana Joni yana bisa tsani da cokalin shafe, da dare ya wanke hannu ya ɗauki jita ya tafi gidan rawa ko wurin biki. A zamanin nan ne baƙaƙen Niyu Olins suke ƙago wani sabon kiɗa wanda daga baya aka sa wa suna jaz. Ƙa'idarsa ita ce masu busa su riƙa sarrafa waƙa yadda zuciyarsu ta ba su nan take, masu kiɗa kuwa su riƙe musu taki kada su ɓace. Joni yana cikin masu riƙe taki. Ya yi aiki da manyan makaɗan birnin, irin su Armand Piron da Kid Ory da Papa Celestin, har aka san shi da hannu wanda ba ya gaggawa, ba ya kuma nawa.

Ana nan, sai jita ta fara rasa kasuwa. Dalili kuwa shi ne, a lokacin babu na'urar ƙara murya. Gidajen rawa suka yi ta girma, masu busa suka ƙaru, mai jita yana ta kiɗa har gumi ya jiƙa shi, amma ko na kusa da shi da ƙyar yake ji. Ku kwatanta da wanda ya zauna da molo a tsakiyar masu kakaki da tambura ran hawan salla. Shugabannin makaɗa suka ga banjo ya fi amfani, domin fatarsa a ɗame take kamar ta kalangu, amonsa yana tsaga hayaniya ya kai ƙarshen zaure. Kafin 1920 da kaɗan, mai jita da yake son aiki sai ya nemi banjo.

Nan fa wuyar take. Banjon da aka fi yayi a gidajen rawa mai tsirkiya huɗu ne, ɗaurinsa kuma daban yake da na jita. Wurin da mai jita ya saba ɗora yatsunsa ya sami amo mai daɗi, in ya ɗora su nan a banjo mai huɗu sai ya ji shirme. Ke nan mutumin da ya shekara goma ko fiye yana horar da yatsunsa, sai ya koma ɗan koyo da gemunsa, ga iyali suna jiran cefane. Masu jita da yawa haka suka daure suka yi. Waɗansu suka bar kiɗa.

Joni ya bi wata hanya. Akwai wani irin banjo wanda cikinsa na banjo ne, wuyansa kuwa na jita, tsirkiyarsa shida, ana ɗaure su daidai da na jita. Shi ya ɗauka. Hannunsa na hagu, mai danne tsirkiya, bai sake koyon kome ba, duk abin da ya sani a jita yana nan inda ya bar shi.

Sai dai kada ku zaci da wannan aikin ya ƙare. Hannun dama, mai kaɗawa, dole ya sake hali. Amon banjo ba ya jimawa, da an taɓa ya yi tsawa sai ya mutu, kamar an fasa gyaɗa. Saboda haka salon jita na barin amo ya yi ta gudana ba ya yiwuwa, sai a riƙa bugu gajere gajere, a kan kari. Ga kuma tsirkiyoyi biyu masu kauri, waɗanda banjo mai huɗu ba shi da su. In aka share shidan gaba ɗaya da ƙarfi, masu kaurin nan sai su girgiza fata su cika kunne da gurnani, su binne sirara. Masu banjo da yawa don haka suke raina mai shida, suna ganinsa jemage ne, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. Dabarar da aka san Joni da ita ita ce ya raba aikin biyu. Ya taɓa mai kauri ita kaɗai, sa'an nan ya share sirara, ya sake taɓa wata mai kauri, ya sake sharewa. Wani lokaci ya bi masu kaurin ɗaya bayan ɗaya, yana hawa ko yana sauka kamar mai taka matakala, har ya kai masu busa inda waƙa za ta juya. Da haka mutum ɗaya ya zama kamar biyu, mai babbar murya a ƙasa da mai ƙarama a sama. Abin da waɗansu suka ɗauka aibi ne, shi ya zama abin da ake nemansa dominsa.

Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko ya sami aiki a jiragen ruwa na gidan Streckfus. Jirage ne masu tafiya da tururi, da babbar ƙafa mai juyawa tana tura ruwa, irin waɗanda a dā suke bin Kwara tsakanin Lakwaja da Baro. Misisifi kuwa ƙaton kogi ne, tsawonsa ya kai mil 2,300, Kwara ta ɗan fi shi kaɗan. Waɗannan jirage ba kaya suke ɗauka ba, mutane suke ɗauka su fita shan iska da rawa su komo. Lokacin sanyi suna Niyu Olins, lokacin zafi su haura arewa zuwa San Luwis da gaba. Shugaban makaɗan jirgin, Fate Marable, mai fiyano ne, mutum mai tsanani, yana son kowa ya iya karanta kiɗa a takarda, ba ya kuma ɗaukar latti. Masu rawar yawanci farare ne, makaɗan baƙi, kowa da iyakarsa.

Ruwa ma abokin gāba ne ga mai banjo. Fatar maraƙi ake sa masa a zamanin, ita kuwa fata in ta sha laima sai ta saki, amo ya dushe. Duk wanda ya ga makaɗi yana gasa gangarsa a bakin wuta da damina ya san wannan. Daga baya har an riƙa sa ƙwan lantarki a cikin banjo domin zafinsa ya riƙe fatar. Fatar roba wadda ba ta jin laima ba ta fito ba sai wajen ƙarshen shekarun 1950.

A cikin jirgin nan, a 1919, wani saurayi mai busa ƙaho ya shiga ƙungiyar. Sunansa Louis Armstrong, Joni ya girme shi da shekara 11. Yaron ya tashi cikin talauci mai tsanani, a gidan horon yara ma ya koyi busa sosai, amma in ya sa ƙaho a baki kowa sai ya waiwaya. Suka yi aiki tare dare da rana, kunnen kowa ya saba da na ɗan uwansa.

Zamanin nan baƙaƙen kudancin Amurka dubu dubai suna ƙaura zuwa biranen arewa, suna gudun wulaƙanci suna neman aikin masana'antu. Makaɗa suka bi su. Armstrong ya tafi Shikago a 1922, domin maigidansa King Oliver ya kira shi. Joni ya bi baya a 1923. Ya yi faifai da Oliver, sa'an nan ya sami aiki tsayayye a ƙungiyar Doc Cook, wadda ke kiɗa a wani babban gidan rawa mai suna Dreamland.

Ran 12 ga Nuwamba, 1925, mutum biyar suka taru a ɗakin ɗaukar faifai na kamfanin OKeh a Shikago. Armstrong yana da ƙaho, Kid Ory yana da doguwar bututuwa mai zugewa, Johnny Dodds yana da wata irin sarewa baƙa mai harshen kara, matar Armstrong, Lil Hardin, tana kan fiyano, Joni kuma yana riƙe da banjo. Aka sa musu suna Hot Five, watau Zafafa Biyar. Huɗu daga cikinsu mutanen Luwiziyana ne, sun san juna tun a gida. Kowannensu yana da inda yake aiki da dare, haɗuwarsu ta yin faifai ce.

Yadda ake ɗaukar faifai a lokacin abin mamaki ne. Makaɗa kan tsaya gaban wani babban mazurari, amonsu ya shiga ciki ya girgiza allura, allura ta yi zane bisa kakin zuma mai juyawa. Daga wannan kaki ake yin faifan garmaho. Ƙarfin amo kaɗai ke motsa allurar. Mai ƙara sosai a tura shi baya, mai sanyin murya a jawo shi kusa. Jita da ƙyar take barin alama a kakin, babbar ganga kuwa takan sa allura ta yi tsalle ta ɓata aiki. Faifai ɗaya minti uku ne ko sama da haka kaɗan a kowane gefe, in mutum ɗaya ya yi kuskure sai a sake daga farko da sabon kaki.

Zafafa Biyar ba su da ganga, ba su kuma da babban goge mai kaurin murya wanda ke riƙe gindin kiɗa. Nauyin taki duk ya faɗa kan fiyano da banjo. A nan tsirkiyoyin nan biyu masu kauri suka biya kuɗinsu, domin da su Joni ya cike gurbin wanda babu. Cikin faya-fayen ranar farko akwai wani mai suna Gut Bucket Blues, inda Armstrong yake kiran makaɗan ɗaya ɗaya da sunansu, kamar yadda maroƙi ke yi. Banjon Joni ne ya buɗe shi, shi aka fara kira. A watan Fabrairu na 1926 suka ɗauki wani kiɗa wanda Joni ne ya tsara shi, sunansa Oriental Strut. A wannan shekara kuma Jelly Roll Morton, mai fiyano ɗan garinsu, wanda ba ya ɗaukar kowane irin makaɗi, ya kira shi ya yi faya-faye da shi a kamfanin Victor. A 1927 aka ƙara wa ƙungiyar Armstrong mutum biyu, ta zama Zafafa Bakwai na ɗan lokaci, Joni yana ciki. Aikinsa na ƙarshe da ƙungiyar a watan Disamba na shekarar ne.

Waɗannan faya-faye su suka nuna wa duniya gwanintar Armstrong, makaɗa a Ingila da Faransa suka riƙa sa su suna koyo. Mai sauraro yakan bi ƙaho da kunnensa ya manta da banjo, kamar yadda mai kallon soro ke yaba zanko ya manta da harsashi. Amma in aka kasa kunne da kyau za a ji Joni a ƙasa, bugu bayan bugu, bai taɓa sakin taki ba.

Ba shi kaɗai ne mai jitar da ya bi wannan hanya ba. Papa Charlie Jackson, mawaƙi, ya fara yin faifai da banjo mai shida a 1924. A birnin Faris ma wani yaro, Django Reinhardt, wanda daga baya ya zama gwanin jita na duk Turai, da irinsa ya fara neman abinci a gidajen rawa.

Sai al'amura biyu suka taru suka juya wa Joni baya. Na farko, daga 1925 kamfanoni suka fara ɗaukar faifai da lantarki, na'urar kuwa tana jin amo mai taushi. Aka kuma ƙera manyan jitoci masu ƙara. Sannu a hankali jita ta komo ta kori banjo, kamar yadda shi ya kore ta a dā, har aka riƙa ganinsa kayan tsofaffi. Na biyu, a ƙarshen 1929 tattalin arzikin Amurka ya karye. Bankuna suka rushe, masana'antu suka rufe, mutane miliyoyi suka rasa aiki. Wanda bai ci ba ba ya sayen faifai, ba ya kuma zuwa rawa. Makaɗa da yawa waɗanda ba su da wata sana'a suka shiga halin ƙaƙa-naka-yi. King Oliver kansa, wanda ake kira sarki, ya mutu cikin fatara a 1938, yana sharar wani gidan wasa.

Joni ya tattara kayansa ya koma Niyu Olins a 1930, ya ɗauki cokalin shafe. Shekara 25 ya yi yana wannan aiki. Mai gida kan kira shi ya gyara masa rufi, ba tare da ya san hannun nan mai farar ƙasa shi ne ke cikin faifan da ake juyawa a Turai ba. Bai jingine kiɗa ɗungum ba. In an sami biki ko rawa yakan fita tare da tsofaffin abokai irin su Paul Barbarin mai ganga da Alphonse Picou mai sarewa, wani lokaci da jita, wani lokaci da banjo.

Daga shekarun 1940 samari masu son tarihi suka fara neman tsofaffin makaɗan Niyu Olins, suna tambayarsu yadda jaz ya samo asali. A 1949 wani mai tara waƙoƙi, Alan Lomax, ya zo da na'urarsa ya zauna da Joni, ya ɗauki hirarsa da kiɗansa na jita. Abin da ya faɗa game da makaɗan farko yana cikin abubuwan da masu tarihi ke dogara da su har yanzu, gama shi ganau ne.

A 1955, yana da shekara 65, lokacin da tsararrakinsa ke neman tabarmar hutawa, ya ƙaura zuwa Los Anjalis ya koma kiɗa sosai. A shekarar ne aka buɗe wani babban filin wasa a kusa da can, mai suna Disneyland. A cikinsa an haƙa ɗan kogi, an sa jirgin tururi mai ƙafa a baya, an yi shi da siffar jiragen Misisifi na dā. Daga 1961 Joni ya shugabanci wata ƙungiya da ke kiɗa a wurin, har da cikin jirgin. Sunan ƙungiyar Samarin Niyu Olins, alhali shugabanta ya haura 70. Jirgin yakan kewaya ɗan tsibiri cikin 'yan mintoci ya komo inda ya tashi, ga tsoho da banjonsa mai tsirkiya shida yana kaɗa wa yara abin da ya kaɗa a kogin gaske shekara 40 da suka wuce.

Armstrong kuwa a lokacin ya zama sananne a duniya duka. A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, ya zo ƙasar nan da ƙahonsa, har ya gana da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna. Bai manta da mutanensa na dā ba. Ya je Disneyland ya shiga jirgin nan, ya tsaya tsakanin Joni da Kid Ory suka yi kiɗa tare, aka ɗauka aka nuna a talabijin a 1962. Mutum uku ke nan daga cikin biyar ɗin da suka tsaya gaban mazurari a Shikago. Johnny Dodds ya riga ya rasu tun 1940.

Joni ya ci gaba da aiki a wurin har ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu a Los Anjalis ran 17 ga watan Yuni, 1966, yana da shekara 76. Da babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya fara zaɓen faya-fayen da za a adana domin tarihin ƙasar, faya-fayen Zafafa Biyar da Zafafa Bakwai suna cikin 50 na farko, waɗanda aka zaɓa na shekarar 2002.